Kyauta Daga Gida Take Farawa

A watan Disamba na 1843 marubucin Ingila Charles Dickens ya fitar da littafinsa A Christmas Carol a Landan, kuma kafin ranar Kirsimeti kwafi 6,000 na bugun farko sun ƙare. Labarin wani attajiri ne mai maƙo, Ebenezer Scrooge. Ana tsananin sanyi, amma ya ajiye akwatin gawayi a ofishinsa, ya bar akawunsa Bob Cratchit yana ɗumama hannu da kyandir. A daren jajibirin Kirsimeti fatalwowi suka zagaya da shi, suka nuna masa ƙuruciyarsa da halin da yake ciki, suka kai shi har bakin kabarinsa da babu mai ziyarta. Gari ya waye ya tuba.

Masu karatu sun fi tuna ƙaton talotalon da ya aika gidan akawun ba tare da ya faɗi sunansa ba. Ni kuwa abin da ya yi washegari ya fi burge ni: ya ƙara wa mutumin albashi, ya ce a ƙara gawayi a wuta. Talotalo na yini ɗaya ne, albashi kuwa shi ke riƙe gida.

Mutanen Djougou, garin da fataken Hausa ke kira Zugu, sun san wannan tun kafin jirgin ƙasa ya taso daga Kwatano ya iso Parakou. A da, ayarin goro daga Gwanja kan yada zango a Djougou, fatoma ya sauki baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki. Alherin ba ya jiran ranar salla. Har yau a Parakou, inda masallaci da coci ke maƙwabtaka, kwanon shinkafar Kirsimeti kan shiga gidan Musulmi, naman layya kuma ya shiga gidan Kirista. Addinan biyu sun haɗu a kan cewa hannun bayarwa ya fi na karɓa.

To amma mu duba kanmu. Akwai ɗan kasuwar da zai raba buhunan shinkafa a bainar jama'a, a ɗauki hoto a sa a Facebook, alhali yaron shagonsa a kasuwar Arzèkè ya yi wata uku bai ga ladansa ba. Akwai uwar ɗakin da ke aika abinci maƙwabta, 'yar aikinta na kankare ƙanzo. Wannan ita ce inuwar giginya, na nesa ka sha.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Sai dai ya kamata ya fara manne wa wanda ke kusa da kai. Kafin ka ɗaure ƙunshin kyautar bana, ɗan'uwa, kira yaronka ka biya shi haƙƙinsa tukuna.