Hannu da Hannu a Zamanin Tiransifa

Tun zamanin da ake ƙirgar wuri a Kasuwar Kurmi, har aka zo kan sule da fam, har Naira ta gaje su a 1973, fataken ƙasar Hausa ba su taɓa shakkar ma'anar biya ba, domin kuwa kuɗi abu ne da mai saye ke miƙawa, mai sayarwa ya lissafa a gaban shaidu. A bisa wannan al'ada malamai suka karantar da babin musayar kuɗi, inda hadisin Ubadatu ɗan Samit ya shar'anta cewa zinariya da azurfa, in za a musanya jinsi da jinsinsa, sai daidai wa daida kuma hannu da hannu, in kuwa jinsi ya saɓa, fifiko ya halatta, amma sharaɗin karɓa nan take yana nan.

To, yau ga ɗan canji a Wapa ya ƙirga wa maniyyaci riyal, ya ɗora hannu a kansu yana duban waya, yana cewa, "Alhaji, alat bai shigo ba," shi kuma Alhaji yana nuna masa rasit a tasa wayar, yana rantsuwa an cire. Shin an karɓa, ko kuwa an faɗa ribar jinkiri? Mazhabarmu ba ta rasa abin cewa ba, domin an ruwaito a Mudawwana cewa Imamu Malik ya ce ko fatu mutane suka mayar kuɗi a tsakaninsu, zai ƙi a sayar da su da zinariya ko azurfa a kan jinkiri, wanda ke nuna hukuncin yana bin abin da jama'a suka yarda da shi a matsayin kuɗi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ƙudurta cewa shigar kuɗi asusun mutum karɓa ce a hukunce. Saboda haka ɗan canjin ya fi Alhaji hujja, tunda fitar kuɗi daga wani asusu ba ita ce isarsu ɗayan ba, ga kuma rasit na bogi da mazambata suka ƙware a kai.

Mas'alar da ta fi damuna ita ce ta mai POS, wanda za ka tura wa dubu goma ya ba ka tsaba da ragin ɗari biyu. Masu halattawa suna cewa ladan aiki ne, domin ya yi sammako banki, ya biya hayar rumfa, ya ɗauki kasadar ɓarayi, kuma ina ganin maganarsu tana da ƙarfi matuƙar cajin yana bin gwargwadon wahala. Amma da Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1000, tsaba ta yi ƙamfa a farkon 2023, har jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, sai caji ya yi ta ninkuwa alhali rumfar tana inda take, na'urar ma ba ta ƙara nauyi ba. Abin da ya hau a lokacin farashin takardar Naira ne, ana sayen ta da Naira 'yar'uwarta da fifiko, kuma ban ga yadda sunan ijara, wato ladan aiki, zai iya rufe wannan ba, ko da mabuƙacin da ya biya, majinyaci kwance a asibiti, yana da uzurin lalura da mai karɓa ba shi da shi.