Libarba a Ƙarƙashin Matashin Kai

Zuru ƙasar sojoji ce, ba mai koya mana aikin bindiga. Tun da 'yan fashin daji suka kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a ƙasarmu cikin Maris 2022, waɗansu suna neman libarba irin ta soja daga ƙetare. Ko daidai ne?

Tsaron iyali wajibi ne. Amma ku duba: mai bindigar toka, kafin ya sake ɗuri, fushinsa ya huce. Wannan libarba kuwa ɗura kanta take yi, ba ta jiran hankali ya komo. Dokar makamai ta 1959 ma ta hana riƙe ta sai da iznin Shugaban Ƙasa.

Ɗan'uwa, wanda bai mallaki zuciyarsa ba, ƙaƙa zai mallaki yatsansa a kan kunama?