Cinikin da aka hana a ce albarka

A kasuwa, mai kaya yana da ikon cewa albarka, mai saye kuma yana da ikon juya baya ya yi tafiyarsa. In aka cire wannan iko, abin da ya rage ƙwace ne, ko da an ƙirga kuɗi an ba da rasit. Tarihin abin da ya gudana tsakanin Ingila da ƙasar Sin a ƙarni na 19 ya isa a auna wannan magana da shi.

Tun shekara ta 1757 sarakunan daular Cing suka taƙaita fataucin Turawan yamma a tashar Kanton kaɗai. Ingilishi suna son shayi da siliki da tangaran na Sin, Sinawa kuwa ba su ga wani abin kirki da suke bukata daga Ingila ba, sai azurfa. A 1793 manzon Ingila, Makartine, ya je neman a buɗe wasu tashoshi. Sarki Ciyanlung ya karɓe shi da girma, ya sallame shi hannu wofi. Wato ya ce albarka.

Sai aka samo hajar da ba ta bukatar talla. Kamfanin Ingila na Indiya ta Gabas ya riƙe noman ofiyom a Bengal, wato madarar wani fure da ake busarwa a sha hayaƙinta, mai kama mutum kamun da ba ya saki. Kamfanin yakan yi gwanjonta a Kalkata, ƴan kasuwa masu zaman kansu su kai ta gaɓar Sin, ƴan fasa-ƙwauri su shigar da ita, alhali dokar ƙasar ta hana sayar da ita tun 1729. Zuwa ƙarshen shekarun 1830, akwati wajen dubu 40 ke shiga a shekara, azurfa kuma ta juya tana fita.

Hujjar fataken nan tsohuwa ce, har yau ma ana jin irinta: ba su tilasta wa kowa ba, Sinawa ne ke saye, ma'aikatan sarki ne ke cin hanci su kau da kai, in su ba su kawo ba wani zai kawo. Akwai gaskiya a ciki. Ba don dillalan Kanton da jami'an duwan masu buɗaɗɗen aljihu ba, da akwati ɗaya bai wuce bakin ruwa ba. A 1836 ma wani babban jami'i, Shu Naiji, ya ba sarki shawarar a halatta ta a sa mata haraji. Amma laifin mai buɗe ƙofa ba ya wanke wanda ya shigo da kayan. Sannan wace irin yarda ce ta mutumin da hajar kanta ta cinye ikonsa na ƙi? Mashayi ya yarda a rana ta farko. A rana ta ɗari jikinsa ne ke ciniki, shi yana kallo.

Da mashayi ya kasa cewa a'a, sai hukuma ta faɗa a madadinsa. A watan Maris na 1839 Lin Zeshu ya iso Kanton da umarnin sarki Dawguwang. Ya tsare fataken a unguwarsu har suka miƙa akwati fiye da dubu 20, ya sa aka narkar da su da gishiri da farar ƙasa a Humen, aka kora cikin teku. Ya kuma rubuta wa sarauniya Biktoriya yana tambayar yadda za a kai wa wasu abin da aka hana a gida. A nan ya yi kuskure, domin a lokacin ana sayar da ofiyom a kantunan magani na Ingila ba tare da wani shamaki ba. Kuskuren bai rushe tambayar ba. Ko da abu halal ne a gidan mutum, wa ya ba shi ikon karya dokar gidan maƙwabci?

Abin da ya fi daure kai shi ne dabarar wakilin Ingila, Cales Eliyot. Kafin fataken su miƙa kayan, ya yi musu alkawarin gwamnati za ta biya su. Da wannan alkawari kayan fasa-ƙwauri suka zama dukiyar sarauniya, kama su kuma ya zama cin mutuncin ƙasa. Ba a ce za a yi yaƙi don ofiyom ba. An ce don mutunci da ƴancin fatauci. Ba duka Ingilishi suka haɗiye wannan ba. A watan Afrilu na 1840 matashin ɗan majalisa Gilaston ya tashi ya kira yaƙin zalunci, kuma ƙudurin zargin gwamnati ya faɗi ne da ƙuri'a 271 a kan 262. Tazarar mutum tara. Saboda haka ba za a ce mutanen wancan zamani ba su san abin da suke yi ba.

Yarjejeniyar Nankin ta 1842 ta buɗe tashoshi biyar, ta ba Ingila tsibirin Hong Kong, wanda bai koma hannun Sin ba sai 1997, ta kuma ɗora wa Sin biyan dalar azurfa miliyon 21. Miliyon 6 daga ciki kuɗin ofiyom ɗin da Lin ya narkar ne, shi kuwa tuni sarki ya tuɓe shi ya kore shi zuwa Ili, can ƙuryar yamma. Takardar ba ta halatta hajar ba. Sai da aka sake wani yaƙi daga 1856, wannan karon tare da Faransa, sannan a 1858 aka rubuta ofiyom cikin jerin kayan da ake biya wa kuɗin duwan, aka yanka masa haraji kamar auduga.