Ƙaryar Ɗan Gari a Kan Hasumiyar Gobarau

Jama'a, wata tambaya ce ta hana ni sakat tun hutun da ya wuce. Shin ya halatta ɗan gari ya ƙara gishiri a labarin garinsu don ya fita kunyar baƙo?

Ga yadda abin ya faru. Abokan karatuna biyu, ɗaya Bakano ɗaya Banufe, suka kawo mini ziyara Katsina, suka ce lalle sai na kai su Gobarau. A birnin nan aka yanke mini cibi, na wuce ta gindin hasumiyar nan ba adadi, amma wallahi ban taɓa hawanta ba sai ran nan. Muka bi matakala muna haki har sama. Gari ya shimfiɗu a gabanmu, soraye da rufin kwano da kan itatuwa, mutane a ƙasa kamar kiyashi.

Can sai Banufen ya zaro ɗan littafinsa, ya ce, "To, ɗan gari, wa ya gina ta, kuma yaushe?" Kun san wasan da ke tsakanin Katsinawa da Nufawa, in na yi shiru, na shiga uku har mu gama jami'a. Sai na gyara murya na ce ai ta shekara dubu, kuma tsawonta ƙafa 200. Ya rubuta.

Rubutun nan shi ya dame ni. Da na koma ga littattafai sai na tarar tsawonta wajen ƙafa 50 ne, wato kimanin mita 15, kuma ana danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, sarkin da ake ɗauka shi ne Musulmi na farko a gadon sarautar Katsina. Shehu al-Maghili ya zo ƙasar Hausa wajajen 1493, kuma sunansa na cikin labarin masallacin da hasumiyar ta saura daga gare shi. Nan aka yi salla, nan aka yi karatu, daga samanta kuma aka riƙa hango mahara. Ashe gaskiyar ma ta ishe ni taƙama. Ginin ƙasa ya sha damina ɗaruruwa yana tsaye, wane gishiri kuma yake bukata?

Wani zai ce, haba Malam, wa ka cuta? Ai raha ce, kuma kishin gari ne. Na juya wannan uzuri a raina, ban ga ya tsaya ba. Wanda ka yi wa ƙarya a kasuwa yana iya zagayawa rumfar gaba ya tambaya. Baƙo kuwa ba shi da rumfar gaba. Ya miƙa maka idonsa da kunnensa dungum, bisa zaton mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Yardarsa cikakkiya ce, shi ya sa cin amanarta ya fi muni, ko da abin ya yi kama da wasa.

Batun kishin gari kuma, in na faɗi gaskiya, ba Katsina na kare ba, kaina na kare. Wanda ya yi shekara ashirin da 'yan kai bai hau matakalar da ke bayan gidansu ba, da wane baki zai kira kansa mai kishi?

Da muka koma makaranta na sami Banufen a ɗakinsa, na ce ya ɗauko littafin mu gyara. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya soke ƙafa 200 ya sa 50. Sa'an nan ya ce, "Sai dai fa ka makara, Bakatsine. Na riga na ba ƙannena labari a Bida, har ɗaya ya kai wa malaminsu."