Katin ajiya da wankin allo

Duk mai wayar salula ya san ranar da wayarsa ke sanar da shi cewa wuri ya cika, ba ta iya karɓar ko hoto guda. Abin da aka saba yi a wannan rana sananne ne: mutum ya nufi babbar kasuwar Maradi ko kasuwar Dole ta Damagaram, ya sayi sabon katin ajiya, wanda ƴan kasuwa ke kira kart memuwar, a juye masa kayan tsohon cikin sabon, ya koma gida da kwanciyar hankali. Sai dai akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba: mene ne haƙƙin abin da muka ajiye a kanmu, kuma shin ƙarin wuri kaɗai yana sauke wannan haƙƙi?

Shi wannan kati bai fi farcen ɗan yatsa girma ba, tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11. Asalin fasaharsa daga Japan ne, inda injiniya Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya ƙirƙiro ta a shekarun 1980. A wajen 2005, lokacin da aka raɗa masa suna microSD, kati mai mega 128 shi ake yayi. A 2014 kamfanin SanDisk ya fito da mai jiga 128, wato ninki dubu, sa'an nan a 2019 aka kai tera 1. Ke nan a cikin shekaru kaɗan an ba talaka rumbun da ba ya ganin ƙarshensa.

Ba za a yi musun alherin wannan rumbu ba. A ƙasar da intanet ya yi jinkirin isa ƙauyuka, kati ya zama jakada. Ta hanyarsa wa'azi, waƙoƙi da fina-finan Hausa suka zagaya daga hannu zuwa hannu. Mdou Moctar, makaɗin jita ɗan jihar Tawa, ya naɗi waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, kuma wayoyi da katuna ne suka watsa su a faɗin Sahel, har suka kai kunnen Christopher Kirkley, Ba'amurken da ya fitar da shi ga duniya. A cikin kati ne kuma uwa ke adana muryar ɗanta da ya tafi ci-rani Libiya ko Abijan, tana saurare duk lokacin da kewa ta taso.

Amma ya kamata a san irin ginin rumbun. Kati yana riƙe bayani ne ta hanyar tsare ɗan ƙarfin lantarki a cikin ƙananan ɗakuna masu ɗimbin yawa. Wannan ƙarfi yana zurarewa sannu a hankali, zafi kuma yana gaggauta zurarewar, ga shi mu zafi ne abokin zamanmu. Kowane ɗaki yana da iyakar yawan rubutu da gogewar da zai jure. Ban da haka kasuwa cike take da jabu: katin da aka rubuta wa jiga 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, idan ya cika sai sabo ya hau kan tsoho ya shafe shi, mai waya bai sani ba. A cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai akwai dubban littattafan Larabci da ajami rubutun hannu, waɗanda marigayi Bubu Hama ya fara tattarawa. Wasunsu sun haura shekara ɗari, har yau ana karanta su. Babu mai sayar da kati da zai yi maka alkawarin kwatankwacin haka.

A nan ne allon makarantarmu yake da abin faɗi. Allo ƙarami ne, ƴan ayoyi yake ɗauka. Almajiri ba ya wanke shi sai ya biya wa malam, an tabbatar karatun ya zauna a ƙirji. Ƙarancin wurin shi ne ya tilasta hadda, wankin kuwa shaida ce ta cewa abin ya samu mazauni mafi aminci. Cikar kati ma irin wannan aikin take yi mana da mun lura: tana tsayar da mutum ya duba abin da ya tara, ya ware tsaba daga ƙaiƙayi. Wanda ya amsa kowace cika da sayen babba ya yi kama da almajirin da ke ta ƙara alluna bai taɓa biyawa ba. Ga hotuna dubbai, amma bai san inda na mahaifinsa yake ba.

Wani zai ce, ai ajiya maganin wata rana. Wa ya san abin da zai yi daraja gobe? Gaskiya ne, hoton da aka raina yau yana iya zama shi kaɗai ya rage na wani mamaci. To amma ajiyar da ke magani ita ce wadda aka san inda take, aka san sunanta. Hoton tsohuwa da ba a gaya wa jikoki ko wace ce ba, ko muryar maroƙi yana jero asalin gida ba a rubuta wurin da ranar ba, sun ɓace tun suna cikin katin.

Akwai kuma batun amana. Yawancin abin da ke cikin katin mutum na wasu ne: fuskar matar aure a ranar biki, saƙon murya da aboki ya aiko cikin sirri, takardar asibitin ɗan'uwa. Gogewa ta yau da kullum ba ta kawar da su, domin suna kawai take cirewa daga jeri, kuma mai ƙwarewa yana iya dawo da su da kwamfuta. Wanda ya bar tsohon katinsa a teburin mai gyara, ko ya sayar da shi tare da waya, ya miƙa asirin mutanen da ba su ba shi izini ba.

Yanzu ma wasu kamfanoni sun daina barin gurbin kati: iPhone ba ta taɓa samunsa ba tun fitowarta a 2007, Samsung kuma ya cire shi daga Galaxy S21 a 2021. Suna kiran mutane su kai ajiyarsu manyan na'urorinsu na ƙetare, wuri kaɗan kyauta, saura da kuɗi duk wata. Wannan rumbu ne a gidan wani, mabuɗinsa a hannun wani.

Saboda haka ranar canjin kati ta cancanci zama na musamman. A duba, a zaɓa, a sa wa abin da aka zaɓa suna, a kwafe shi wuri na biyu, a wanke hoto ko biyu a takarda, a tara yara a gaya musu su wane ne waɗannan fuskoki. Tsohon katin kuwa a adana shi a akwati, ko a karya shi. Bayan haka, wanda yake da hali ya sayi babba.