Tsohon Karen Sito da Kwana Biyar ɗin da Na Yi Ina Jira

Na san wasu za su ce Malam ya rasa abin rubutu sai kare. To, ku yi mini haƙuri ku karanta, don abin ya tsaya mini a rai tun bara.

Ina da sito na wake da gero a wajen Bodija. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bayan ɓarayi sun fasa mana sau biyu a damina guda, maigadina ya kawo ɗan kwikwiyo, ya sa masa suna Barsu. Tun daga ranar ba a ƙara taɓa kwado a ƙofar nan ba. Ban taɓa shafa kansa ba, gida kuma bai taɓa shiga ba. Abinci dai ina bayarwa, shi kuma yana kwana a farke ni ina barci.

Bara da kaka sai yaron shago ya ce mini, "Baba, Barsu bai ci tuwon jiya ba." Na ce tsufa ne. Rana ta biyu haka. Ta uku ya daina tashi in an buɗe ƙofa, sai dai ya kaɗa jela daga kwance. Na ce a bari mu gani. Sai a rana ta biyar, da yaron ya ɗaga leɓensa ya nuna mini dasashinsa fari fat kamar takarda, sannan na ce a nemo keke.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. A watan nan ɗin dai, ragon da nake kiwo a bayan gida ya kwana ɗaya bai yi tuƙa ba, kafin azahar na kira mai duba dabbobi. Rago kwana ɗaya, kare kwana biyar. Na zauna na tambayi kaina bambancin, ban samu wata amsa ta addini ba. Amsar ta kasuwa ce: rago yana da farashi, tsohon kare ba shi da shi. Sai kuma kunya. Mutumin da ke jan salla in liman ya yi tafiya, a gan shi a Mokola da kare a cikin keke? Ina jin abin da za a faɗa a majalisar mai shayi tun kafin a faɗe shi.

Mu duba karatunmu. Mun taso muna jin cewa kare ƙazanta ne, mun haddace wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki. Amma a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka yi karatu a kanta, kowane mai rai tsarkakakke ne a jikinsa, har da kare, wankin nan kuwa malamanmu sun ɗauke shi bin umarni ne kawai. An yarda a ajiye kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadin dukiya in akwai buƙata. Har ana ba da labarin Ibn Abi Zaid, mai Risala da muka biya a zaure, cewa shi kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Kuma wane ɗan Islamiyya ne bai san hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa ba? Da na matar da ta ɗaure kyanwa har ta mutu? Na karantar da su duka biyun ba sau ɗaya ba. Abin da ban lura ba shi ne, karen rijiya baƙo ne, mutumin nan ba ya binsa komai. Nawa kuwa ni na ɗaure shi da sarƙa, ni na ci moriyarsa. Dabbar da ka tsare ba ta da wani sai kai. Da a sake yake, ƙila ya nemi ciyawar da zai ci ko inuwar da zai kwanta.

Wani aminina ya ƙalubalance ni, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce, "Malam, a layinmu akwai tsohuwar da ba ta iya sayen maganin hawan jini, kai kana kai kare asibiti?" Gaskiya ne ɗan Adam yana gaba. Wanda kuɗin hannunsa na abincin yara ne kaɗai, ban ce ya ɗauka ya kai wa kare ba. Amma ni na san kaina. A kwana biyar ɗin nan ban ɗauki kuɗin na kai wa tsohuwar ba, suna aljihuna. Sau da yawa ba ma tuna talaka sai lokacin da muke neman hujjar ƙin wani alherin. Kuma abin da na kashe gaba ɗaya bai kai rabin buhun wake ba.

To yaushe ne lokacin? Ga abin da na koya a wurin likitan, na kuma gani da idona. Kare yana shiga tsufa daga wajen shekara bakwai ko takwas, kuma yana ɓoye ciwo, saboda haka ranar da ka lura, ba ranar abin ya fara ba. Raguwar gudu, furfura a baki, yawan barci, wannan tsufa ne, yana zuwa a hankali cikin watanni. Abin da ya sauya cikin kwana ɗaya ko biyu ba tsufa ba ne, ciwo ne. Tsohon kare da ya wuce yini da kwana bai ci ba, ko ya ƙi ruwa, a kai shi. In kuwa numfashi ya yi masa wuya, ko ciki ya kumbura yana yunƙurin amai ba ya fita, ko jini a kashi ko fitsari, ko ya kasa tsayuwa, ko dasashi ya yi fari, wannan ba a kwana da shi. Mu masu sito mu ƙara da maganin ɓera, don wani irinsa sai bayan kwanaki yake nuna kansa, jini na zuba a ciki. Kuma don Allah a daina ba su Panadol da ibuprofen ɗinmu, suna lalata musu hanta da ƙoda. Wanda ya sauya hali, yana dalalar da miyau, yana cizon abin da ya samu, wannan kada yaro ya matsa kusa, a rufe shi a kira likita, domin haukar kare in ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu kamar minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Ba mu da uzurin nisa ma: ga asibitin dabbobi a Mokola, ga na koyarwa a Jami'ar Ibadan.

Barsu cutar kaska ce ta shanye masa jini. Aka yi masa allura da ƙarin ruwa, ya tashi. Likitan bai yi mini faɗa ba, ya dai tambaya kwana nawa, da na ce biyar sai ya yi shiru yana rubutu. Ya ce ƙodarsa ta taɓu, kuma wata rana za mu zo maganar hutar da shi. Na koma na duba, na tarar a Mukhtasar na Shehu Khalil an halatta a kawo ƙarshen dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, don a sauƙaƙa mata. Wasu malamai ba su yarda ba. Allah bai kai ni ga zaɓin ba, bayan wata bakwai aka wayi gari ya mutu a bakin ƙofar da ya tsare.

A majalisar mai shayi kuwa an yi maganar, kwana biyu aka yi ana kirana limamin karnuka, sannan farashin albasa ya tashi aka manta.

Yanzu yaron shago ya samo wani kwikwiyon, yana ta tambayata ko ya kawo shi. Na ce ya fara zuwa Mokola ya tambayo mini kuɗin allurar rigakafi ta shekara, in na ji zan iya sai mu yi magana.