Amanar Bakin da Ba Ya Magana

A Tudun Wadan Zariya, inda na tashi, ana ajiye kare don gadi, kyanwa kuma don ɓeraye, abincinsu kuwa ragowar tuwo ne da ƙashi. Shi ya sa idan mutum ya kai karensa asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya dawo da garin magani da allurar bitamin, tambaya ɗaya ake yi masa: ya dace a kashe wa kare kuɗi alhali ga almajiri da ƙoƙo a ƙofar gida? Ban raina wannan tambaya ba, amma ina ganin sai an san cutar kafin a yanke hukunci.

Kusa da tumbi, a farkon hanji, akwai wata siririyar gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas. Ita ke fitar da sinadaran da ke narkar da kitse da nama da sitaci. Idan kusan kashi 90 cikin 100 na aikinta ya lalace, sai kare ya dinga ci kamar gara, yana zawo, yana ramewa, domin abincin wucewa kawai yake yi. An fi ganin haka a karnukan Jamus, irin waɗanda masu hali ke saye don gadi, kyanwa ma takan kamu. Maganinsa shi ne a gauraya garin sinadaran nan a kowane abinci har ƙarshen rayuwar dabbar, sau da yawa kuma a haɗa da bitamin B12, wanda jikinta ya daina tsotsa.

Almajiri yana da baki, yana da unguwa guda da zai bi, nauyinsa kuma ya rataya a wuyan iyayensa da al'umma baki ɗaya. Karen da aka ɗaure da sarƙa ba shi da kowa sai wanda ya ɗaure shi. Hadisi ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ta hana ta abinci, ta kuma hana ta fita nema. Kullewar ce ta ɗora mata nauyin. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, wanda ya sayi kare kuwa ya saye shi ne da cutarsa.

Akwai masu ƙyamar garin saboda galibi daga fankiriyas ɗin alade ake yin sa. Wannan ma bai zama uzurin sakaci ba, domin likitocin dabbobi sun yarda a yanka ɗanyen na saniya ƙanana a zuba cikin abinci, mahauci kuwa ba ya tsawwala kuɗinsa.

Sai dai amana tana da iyaka. Ɗura wa lafiyayyar dabba bitamin don burga almubazzaranci ne, har yakan cutar, tunda yawan bitamin A na sandarar da wuyan kyanwa. A nan mai tambayar yana da gaskiya, kuɗin nan sun fi dacewa da ƙoƙon almajiri.

Matsayina shi ne, babu wanda aka tilasta wa ajiye dabba. Wanda ya san ba zai iya jinyarta ba, ya miƙa ta ga wanda zai iya. Wanda kuma ya riƙe ta, yana barci da daddare saboda haushinta a tsakar gida, to maganinta bashi ne a kansa, sai ya biya.